Hulunan Ƙasan Adaka

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya kai haske kabarinki, yau ban zo da daɗin baki ba.

Kin tuna adakar da kika hana mu taɓawa? Bayan rasuwarki na buɗe ta. Can ƙasa na tarar da hulunan jarirai uku, saƙar hannunki, ƙanana, da kyar su rufe lemo. Har dariya na yi, na ce Inna ta manta girman kan jariri.

Da na haifi Abba na daina dariya. Duk hular da aka kawo barka sai ta zurma masa har hanci. Taki ce ta zauna ɗas.

Likita a Katsina ta ce ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba tun a ciki. Ciwon gado ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi yake fitowa, shi ya sa ya fi bin auren zumunci. Ta tambaye ni ko an taɓa yin irinsa a gidanmu. Na ce a'a, don abin da kika bar ni da shi ke nan.

Uku kika binne kafin ni, kika ce mana zazzaɓi ne. Ranar da za a tsallaka da ni Nijar gidan Sale, ɗan ƙanenki, kin rako ni har shingen Magama kina cewa, "Gida za ki, ɗiyata, ba wurin baƙi ba." Ba wanda ya tilasta ni, ina son Sale. Amma da kin buɗe baki, da mun san abin da muke shiga.

Abba ba ya iya kama nono, da cokali nake ɗiga masa. In jikinsa ya sanƙare, dangi su ce iska ce, a dai rufe masa kai.

Jibi za a kawo kayan sa ranar Hadiza, autarki, da ƙanen Sale. Gwaggo ta ce in zauna ɗaki da yaron, kada in ɓata wa yarinya aure. Na san haka aka ce miki ke ma.

Ina jin haushinki, Inna, wallahi ina ji. Amma in na tuna ki zaune ke kaɗai kina rage faɗin hula, sai kuka ya ci ƙarfina.

Allah Ya gafarta miki, Ya haɗa ki da yaranki a Aljanna. Ni dai jibi tsakar gida zan zauna, a gaban Hadiza, in cire wa Abba hular.

'Yarki,
Rabi