Ƙusa a Bututun Birki

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ba Inna sauƙin ƙafa, ya raya mana yaran nan. Na ji an ce ƙaramarka ta shiga makaranta, har ta fara gyara wa Gwaggo gaisuwa. Allah ya sa albarka. Ni ma lafiya ƙalau, in ana kiran wannan lafiya. Bayana bai daina ciwo ba, ɗakin da muke kwana ni da abokan aiki ya yi mana kaɗan, aikin kuma ɗauki ne da ajiyewa tun safe har ƙafa ta daina jin takalmi.

Saƙonka ya iso, na ji cewa lainin birkin da na aiko karo na biyu, wato ƙarfen nan da yake matse taya daga ciki ta tsaya, shi ma bai shiga ba. Bari in faɗa maka yadda na yi, don kada ka zaci saye nake da ka. Karon farko lambar jikin mota da ka turo na kai kantin kayan gyara. Mai kantin ya danna ta a na'ura, ya ɗauko kwali, ya rantse mini cewa na a-kori-kurar Baba ne, na shekararta. Kuka buɗe, kuka ce ya yi siriri a cikin duram ɗin taya. Karo na biyu hoton da ka ɗauka da waya na bi, wanda yatsanka ya rufe rabinsa. Na kashe ranar hutuna a filin matattun motoci, ina durƙusawa gindin kowace tsohuwa ina gwadawa da ido. Na samu mai faɗi, yanzu kuma ka ce ramin da sifirin, wayar nan mai janyo laini, yake kamawa ba a nan yake ba.

Sai da na kira Kawu na gane abin da muke bi. Ya ce ai gatarin bayan motar, wato ƙarfen da yake riƙe da tayoyin baya, ba nata ba ne. Wai na asalin ya karye tun muna ƙanana, lokacin da Baba yake jigilar bulo, Dogo bakanike ya ciro wani daga wata mota da ta yi haɗari, ya faffaɗa ramuka ya ɗaura, da duram ɗinsa da komai. Na sa Kawu ya je ya tambayi Dogo wace irin mota ce. Tsohon ya yi dogon tunani, ya ce shi dai ya tuna fara ce. Da na koma na faɗa wa mai kanti, bai yi mini dariya ba, na yaba masa da wannan. Ya juyo mini da fuskar na'urar, ya ce motar da nake kwatantawa babu ta a duniya. In ina son na daidai, sai in kawo masa tsohon lainin a hannu, da sifirin ɗinsa, ya aza a kan awo. Ban ga laifin Dogo ba. Da abin da ya samu ya yi aiki, kuma a kan wannan gatari aka ciyar da mu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Matarka ba ta kawo ƙararka ba, ni na matsa mata da tambaya. Ta ce tayar baya ta hagu ta fara zubar da man birki, aka toshe bututunta da ƙusa, wai kafin kayana su iso. Ta ce a gangaren kasuwa sai ka yi ta famfa birki kana karanta abin da ya zo bakinka, kuma a bayan motar nan kake ɗaukar yara zuwa makaranta, da na maƙwabta. Auta, na san me za ka ce. Za ka ce in an kwance taya an ciro lainin motar ta kwanta, in ta kwanta gidan ya kwanta, ni kuma ina can nesa ina ba da umarni. Gaskiyarka ce. Kai ne a gida, kai Inna take kira in ƙafa ta tashi, ni murya ce kawai a waya.

Duk da haka ina roƙonka. Direban ma'aikatarmu da ya je hutu garinmu zai dawo nan ba da daɗewa ba. Ka ciro laini ɗaya da sifirin ɗinsa, ka naɗe a tsumma ka ba shi, ka jingine motar a kan dutse har in aiko. Abin da za a ci kafin nan, ka bar mini shi.

Amma na san ka, ba za ka jingine ta ba. Za ka ce sai bayan wannan lodi, sannan bayan wancan. To in haka ne, ka sauke yaran, su tafi da ƙafa. Kada ka ƙara kai Inna asibiti a cikinta. Kuma ka san wannan: takarduna na tafiya suna hannun mai aikin, ba ya ba da su a kan kuka. Ranar da Baba ya rasu, sai da aka dawo daga maƙabarta na samu wanda ya ara mini waya. In aka kira ni a kanka, haka zan tsaya a bakin sito da kwali a kafaɗa, in ce amin, in koma ɗauka.

Ka gaida Inna, kada ka karanta mata wannan sashen. Ka gaida Kawu da Gwaggo, da matarka, kada ka yi mata faɗa. Ka gaida Dogo, ka ce masa ban ji haushinsa ba. Ka shafa mini kan yaran.

Ni ne yayanka, mai jiran tsumman nan.