Waƙar da Na Hana a Gidana

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma ta yi. Bayan azahar ina falo ina duba zanen ƙofofin da aka ba mu aikinsu, sai muryarta ta biyo matattakala ta sauko. Surukata ke nan, matar ɗana Injiniya, tana yi wa jikata waƙar barci da yarensu. Ko kalma ɗaya ban gane ba. A gidan da na gina da gumina.

Watansu biyar a saman bene, tun da aka haihu. Ni na ce su dawo, ban musa ba. Gidan ya yi mini girma tun rasuwar uwarsa. Amma ban ce a mayar mini da shi wata ƙasa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na kai musu gadon da na yi wa jaririyar. Kwana tara ina yinsa, ban bar ko ma'aikaci ɗaya ya sa hannu ba. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, duk haɗi ne, da ɗan yatsa ake lilo da shi. Shekara arba'in ina kafinta, ban taɓa yin abu mai kyansa ba. Na ce to ga abin sa barci, a huta da baki.

Aka kwantar da Amarya (haka nake kiran jikar tawa). Ta kalli rufi, ta kalle ni, ta ɓare baki. Uwar ta ɗauke ta, ta fara abin nata, kafin baiti biyu yarinya ta yi laƙwas.

"Baba, gadon ya yi kyau sosai, Allah ya ƙara girma." Har da durƙusawa. Ladabin nan nata ya fi komai ba ni haushi. Ba ta bar wa mutum inda zai kama.

Asabar, 8 ga Maris

Na gaya wa Injiniya. Na ce a gidan nan da harshenmu za a yi wa yarinya waƙa, ko a bari.

Ya ce, "Baba, waƙa ce fa kawai."

Kawai! Abin da ya fara shiga kunnen yaro ai shi ke zama. Gobe ta tashi ta kira ni da wani suna da ban san ma'anarsa ba, su yi ta dariya ita da uwarta ina zaune kamar baƙo.

Ya gyara zama irin nasu na 'yan jami'a. Can ya tuna mini wai wurin aikinsu sun ba shi gida tun bara, saboda ni ya ƙi karɓa. Wato gori. Ni da na sa shi a makarantar da ban samu na gama irinta ba.

Da zai tashi ya ce, "To wacce za ta yi? Ka ba mu tamu." Na ce zan kawo.

Ba za su tashi ba. Ina za su samu kamar nan?

Lahadi, 9 ga Maris

Babu waƙa a sama. Sai kuka.

Talata, 11 ga Maris

Da hutun rana na tara ma'aikatana a ƙarƙashin rumfa. Daga ko'ina suke, ni aiki nake dubawa ba yare ba, kowa ya shaide ni. Na ce kowa ya rera mini waƙar da uwarsa take sa shi barci da ita.

Suka kalli juna. Mai fenti ya ce, "Maigida, lafiya? Ko yanzu kowane gado da waƙarsa za a riƙa sayarwa?" Aka kwashe da dariya. Na ce ban kira taron wasa ba.

Mai walda ya fara. Ƙato da shi, gemu har ƙirji, ya rufe ido ya fito da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba. Na ce fassara. Wai in yaro bai yi barci ba, wani abu mai dogon hannu zai leƙo ta taga. Na ce uwarka ce ta ce maka haka? Ya ce, "Kullum. Kuma barci mai daɗi nake yi."

Ta direba, uba ne ya tafi kamun kifi, zai dawo, zai dawo, zai dawo. Mai fenti ya ce, "To ya dawo?" Direba ya ce, "Har yau muna jira." Bai yi dariya ba.

Ta mai fenti ce kaɗai da harshenmu. Uwa tana yi wa yaro alkawarin jan takalmi da keke. Na ce an saya maka? Ya ɗaga ƙafa ya nuna mini silifas.

Duk ɗaya suke ashe. Ko tsoratarwa, ko ƙarya, ko kukan macen da ta rasa wanda za ta gaya wa.

Sai mai walda ya ce, "Saura taka, Maigida."

Na duba agogo na ce hutu ya ƙare.

Alhamis, 13 ga Maris

Na sa mai fenti ya maimaita tasa sau uku a ofis, na rubuta a bayan takardar awo. Na kai wa surukar tawa da yamma, na ce ga waƙar gidanmu. Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Baba, yaya muryarta take?" Dole na tsaya a bakin ƙofarsu na rera, ni da furfurata.

Ta koya, ba laifi. Ta yi wa Amarya. Yarinya ta zuba mata ido kamar an kawo baƙuwa, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Injiniya ya ɗauki takardar ya juya. Awon ƙofa a gaba, waƙa a baya. Ya ce, "Ta gidanmu ce wannan? Ban taɓa jin ta ba." Na ce ba komai ka sani ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na je wurin Yaya. Idonta ya yi rauni, bakin nan kuwa yana nan. Na zagaya, na zagaya, daga baya na tambaye ta wace waƙa Inna take yi mana.

Ta yi dariya har da tari. "Kai Auta, wa ya yi maka waƙa? Kana wata takwas Inna ta rasu. Ina shekara tara nake goya ka ina yi wa mutane wanki. In ka yi kuka in jijjiga ka har ka gaji don kanka. Waƙa! Da wane numfashin?"

Na ce to ga shi na zama mutum, ban mutu ba.

Ta ce, "Ka zama. Wa ya ce ba ka zama ba? Amma matarka, Allah ya jiƙanta, tana da waƙa mai daɗi. Ka tambayi ɗanka."

Ƙarya ne. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa jin ta tana waƙa ba. Yaya ta tsufa.

Juma'a, 21 ga Maris

Yarinya ba ta barci, uwar ta rame. Ni ma ba na yi, amma ni ban kai ƙara wurin kowa ba. Yau na yanka katako gajere da inci biyu. Ni.

Lahadi, 23 ga Maris

Da la'asar na zagaya bayan gida in duba tankin ruwa da ke yoyo. Na tarar da surukata tsugune a lungu tsakanin tanki da katanga, inda ake ajiye tsofaffin bokitai, yarinya a kafaɗa, tana waƙar tata ƙasa-ƙasa kamar mai sata. Ta gan ni ta miƙe, waƙar ta yanke. Ban ce komai ba. Wallahi ban ce komai ba.

Injiniya yana bayana ashe. Ya ce mata ta shiga ciki.

Abin da ya gaya mini, zan rubuta yadda ya faɗa, don wata rana ya ga irin maganar da ya yi wa ubansa.

Ya ce lokacin da muke ɗaki ɗaya a gidan haya, na hana uwarsa waƙa, wai ina tashi da asuba kuma hannun da bai yi barci ba zarto yake ci. Ya ce sai ta riƙa ɗaukarsa ta fita bakin famfon tsakar gida ta yi masa a can, ko da sanyi, har ya kai shekara huɗu. Ya ce ya manta kalmomin, sanyin kawai yake tunawa da ɗigar famfo.

"Na tambaye ta kafin ta rasu, ta ce ita ma ta manta. Ba zan bari matata ta tsuguna a bayan tanki ba, Baba. Ƙarshen wata za mu tashi."

Na ce barcin nan da na yi shi ya kai ka jami'a. Gaskiya na faɗa. Ya ce, "Na sani." Ya shige.

Talata, 25 ga Maris

Na tuna daren. Sau ɗaya na faɗa wa uwarsa. Sau ɗaya tak, kuma ban daka tsawa ba. Ina na san za ta riƙe?

Asabar, 29 ga Maris

Sun tashi. Direbana ne ma ya kwashe musu kaya, ni na ba da motar, kada a ce na yi ƙyashi. Ta zo sallama, ta durƙusa, ta ce, "Baba, a yafe mini." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Amarya ta kama yatsana ba ta son saki, sai da uban ya ɓanɓare.

Na hau sama na rufe tagogi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Yanzu sai in yi barci har rana ta fito, babu mai tashina. Ƙarfe uku na dare idona biyu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Direba ya ce ƙofar gidan nasu tana cije ƙasa. Aikin 'yan kwangila, na san irinsa. Ba don su na je ba, ba na iya jin an ce ƙofa tana cijewa in zauna.

Hawa na uku suke. Ina kan matattakala da akwatin kayan aiki na ji ta. Tana yi da cikakkiyar murya, ba irin ta bayan tanki ba. Ashe waƙar tana da tsawo, ban taɓa jin ƙarshenta ba. Na tsaya. Gwiwata ce take ciwo, hawa uku ba wasa ba ne. Wata maƙwabciya ta wuce ni sau biyu tana kallona kamar ɓarawo.

Sai da ta gama na ƙwanƙwasa, a hankali.

Minti goma na gyara ƙofar, da hannu kawai na goge don kada ƙara ta tashi yarinya. Ta kawo mini ruwa. Ina mayar da kaya cikin akwati, ban ɗago ba, na ce me waƙar take cewa ne.

Ta ɗauke kofin ruwan. Sannan ta ce, "Ruwa ya kwanta, jirgi ya kwanta, mai tuƙi ya ajiye sanda, saura ke. Kakata ce take yi mini, Baba."

Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan, sai a yi ta maimaitawa.

Ba wata waƙar kirki ba ce. Na rubuta ne kawai don hannuna ya saba rubuta awo.

Ƙofar lafiyarta ƙalau yanzu. Na ce musu akwai sauran aiki a jikinta, zan dawo ranar Talata bayan azahar.