Buhunan Yashi a Mafitar Dam

Talata, 30 ga Yuli, 2024

Na dawo daga kasuwar Mafara na tarar da takarda daga ma'aikatar ruwa, Gusau. Wai za su aiko a duba dam ɗina na bayan Ruwan Gizo, saboda ƙorafin da anka kai. Ƙorafi! Shekara tara ke nan da na ɗauko katafila daga Maradun na tare rafin nan da ƙasa, cikin gonata, ba gonar kowa ba. Masu tumatir da albasar rani nawa ke ban-ruwa da shi? Shanun Fulani fa? Ba wanda ya taɓa rubuta takardar godiya.

Na san wanda ya kai ni. Rilwanu ne, mijin ƙanwata Asabe. Gidansu na cikin tungar da ke gangaren dam, gida goma sha huɗu. Tun bara gaisuwarsa ta koma sama-sama.

Alhamis, 1 ga Agusta

Ruwa tun hantsi har la'asar. Dam ya cika fal, gwanin kyau. Na je sau biyu, ban san abin da na je nema ba.

Litinin, 5 ga Agusta

Sun zo. Injiniyar mace ce, sunanta Na'ima, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta fari ba. Ta gaishe ni da ladabi, har ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ko kallon ruwan ba ta yi ba, sai ta gangara bayan ginin, inda ciyawa ta fi kore. Ta sa ƙafa, takalmin ya nutse. Ta tara gora ta ɗebi ruwan da ke tsattsafowa, ta ɗaga sama.

"Baba, muddin garau yake haka, da sauƙi. Ran da ka ga ya yi ja, to ƙasar dam ɗin ce yake kwasowa daga ciki."

Ta nuna mini ramukan gafiya uku. Ni ban taɓa lura da su ba. Daga nan munka isa mafita, wato hanyar da ruwa ke bi in ya yi yawa. Ta tsaya kan buhunan yashin da na jera can, layi biyu, don in ƙara tara ruwan da zai kai ni ƙarshen rani.

"Wa ya jera waɗannan?"

Na ce ni ne.

Ta ce in na toshe nan, ruwan ta kan ginin zai bi, ginin ƙasa kuwa ba ya jure wannan. Ta ba ni kwana bakwai: in kwashe buhunan, in cike ramukan, in je in yi wa dam ɗin rajista.

Na ce, "A cikin gonata?"

Ta ce, "Gonar taka ce, Baba. Gidajen da ke ƙasa ba naka ba ne."

Maganar nan ba ta bar raina ba har yanzu.

Laraba, 7 ga Agusta

An cike ramukan. Buhuna kam suna nan. In na kwashe su, ruwan zai faɗa cikin shinkafata, kadada biyu, ta fara ciki. Tarwaɗar da na zuba cikin dam kuma ta bi shi. Ita yarinyar, Injiniya, ta koma ofis.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na tare Rilwanu bayan masallaci. Na faɗa masa magana mai zafi gaban mutane, ba zan rubuta ta nan ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Yaya, ba ni ba ne." Ban yarda ba.

Lahadi, 11 ga Agusta

Asabe ta zo da yaranta huɗu da ƙullin kayansu. Munka gaisa, ta zauna bakin tabarma, ta ƙi taɓa furar da anka kawo mata.

"Yaya Isma'ila, ka bar mijina. Ni ce na kai ka."

Na zaci ban ji daidai ba. Asabe, wadda na goya, wadda ba ta taɓa shiga ofis ba, ita ce ta hau mota har Gusau tana tambayar ƙofa-ƙofa.

Ta ce sau uku tana gaya mini bayan dam na jiƙa, sau uku ina dariya. Ta ce duk lokacin da hadari ya haɗo sai ta goya ƙaramar, ta tsaya ƙofar gida tana kallon tudun ƙasar nan da ke saman kansu. "Ban iya tuwo in ana ruwa, Yaya."

Na ce ta tona mini asiri a idon gwamnati. Ta ce, "Na yarda. Ka ba yarana wurin kwana har damina ta wuce."

Na tashi na fita. Suna nan ɗakin baƙi.

Talata, 13 ga Agusta

Wa'adin ya cika jiya. Na je da gora. Garau yake. To?

Alhamis, 15 ga Agusta

Garau. Amma wurin da ke tsattsafowa ya ƙara faɗi, ko idona ne. Abinci ba ya shiga. Ni da Asabe muna wucewar juna a tsakar gida, gaisuwa kawai.

Asabar, 17 ga Agusta

Hannuna duk ya sale, da ƙyar nake riƙe biro.

An fara ruwa bayan asuba, bai tsagaita ba. Da azahar na hau babur na tafi. Tsakanin ruwa da kan ginin bai fi taƙi ɗaya ba. Na gangara baya, na tara gora. Ban ma ɗaga ta sama ba. Ja ne, kamar ruwan da anka wanke jar tukunya. Yana fitowa yana tara laka a gefe.

Na tsaya ina kallon rufin gidajen tunga. Hayaƙi na tashi daga wani madafi. Wata na girki ke nan.

Ban tuna yadda na isa can ba. Ƙofar Rilwanu na fara bugawa. Na ce a fitar da mata da yara zuwa tudu, maza su biyo ni. Bai tambaye ni komai ba, bai kuma tuna mini da ranar Juma'a ba. Mu tara munka shiga ruwa har ƙugu muna jan buhuna. Sun jiƙe, kowane ya yi nauyin gawa. Da layin farko ya buɗe, ruwan ya kwashe ƙafata, Rilwanu ne ya damƙo ni ta wuyan riga.

Ina tsaye ina gani ruwan ya shiga shinkafata. Ya kwantar da ita kaf.

Kafin magariba ruwan dam ya ja baya da kamu biyu. Ginin bai fashe ba. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 18 ga Agusta

Mutanen tunga na tsintar tarwaɗata cikin gonata da kwanduna. Wata tsohuwa har ta yi mini tayin biyu. Na karɓa.

Laraba, 21 ga Agusta

Injiniya Na'ima ta dawo. Na shirya jin faɗa, ba ta yi ba. Ta duba wurin, ta ce a zuba yashi da tsakuwa inda yake tsattsafowa, a faɗaɗa mafitar da rani, kada a bar ruwa ya sake kai inda ya kai. Ta kafa sanda mai alamomi a bakin ruwa. Na sa hannu a takardun rajista. Uku ne kawai, ashe.

Lahadi, 25 ga Agusta

Asabe ta ce za ta koma. Na ce ta bari sai ƙarshen wata. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba. Ta dai dafa mini miyar kuka irin ta Inna, ta aiko da ita ba saƙo.

Talata, 3 ga Satumba

A kasuwa Alhaji Sanusi na Dakko ya same ni. Yana son ya tare wani rafi a gonarsa can Bakura, wai in ba shi lambar mai katafilar da ya yi mini aiki. Ban san sa'ad da na ce masa, "Su wa ke zaune ƙasan wurin?" ba. Ya yi dariya ya ce gidaje ne ƙalilan.

Na karanta masa lamba ya rubuta. Sai da na zo gida na duba na ga ta Injiniya na ba shi.

Kuskure ne, ina ji. Ban kira shi na gyara ba.