Iskar Gwamnati da Akori-kurar Baba

Cedar Ford, Janairu

Zuwa ga Saje Ortega,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Marisol da yara? Ina fata ciwon kan nan da muka kwaso daga Iraki yana ɗan raga maka.

Na gama maganin da jiha ta biya mini, kuma tunda sunanka na cikin masu jira, bari in ba ka labari. Kwantar da mutum ake yi cikin bututun gilashi, a rufe, a matsa iskar oksijin har kunnuwa su toshe. Ko man gashi ba a shiga da shi, don gudun gobara. Kai da kwalliyarka za ka sha wuya.

Yanzu ina barci, Saje. Na yi shekaru ban iya faɗin haka ba.

Ga abin da ya dame ni. An hana ni tuƙi, asibitin kuma da nisa, sai Baba ke kai ni a tsohuwar akori-kurarsa. Ka san shi, tun da ya dawo daga yaƙin Vietnam magana ta yi masa tsada. Da farko rediyo kaɗai ke surutu. Wata safiya ya kashe ta ya ce, "Royce, kai ma warin nan na fagen yaƙi kake ji in ka rufe ido?" Daga ranar ba mu ƙara kunna ta ba.

Ƙungiyar tsofaffin sojoji na so in tsaya gaban kwamitin majalisa in ce iskar ce ta warkar da ni, don a sabunta kuɗin. In ba a sabunta ba, layi ba zai kai kanka ba. Ni kuwa har ga Allah ban san wanne ya yi aikin ba, bututun ko hirar hanya da Baba. Ina tsoro.

Naka har kullum,
Royce

Cedar Ford, Maris

Saje,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Yaya jikin?

Na san ka ji an rage kuɗin, bana ba za a kai kanka ba. Gara ka ji sauran daga bakina.

A gaban kwamitin wata 'yar majalisa ta tambaye ni kai tsaye ko iskar ce ta warkar da ni. Na ce ban sani ba. Na ce abin da na sani shi ne, ba don ita ba da ubana bai taɓa yi mini hon a ƙofa ba. Shugaban ƙungiyarmu ya ƙi gaisawa da ni. Ko amsata ce ta jawo aka rage kuɗin, wannan ma ban sani ba, amma nauyinka na kaina. Ka yafe mini.

A hanyar dawowa Baba ya tambayi garinku. Na ce da nisa. Ya ce, "Yo ai nisan muke so, yaro. Iskar tasu ce, motar tawa ce."

Litinin da sassafe za ka ji hon a ƙofarka, mun zo ɗaukar ka yawo a motar Baba. Ka shafa man gashinka son ranka, rediyon dai ba za a kunna ba.

Ka huta lafiya.

Naka,
Royce