Mai Kauce wa Ginshiƙi

León

Obdulia ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mijin naki mai tumbi kuna lafiya.

Na ji ku 'yan kwamiti kuna ta kai-komo kan wadda za ta wakilci Meziko a gasar duniya ta zamiya a kan ƙanƙara. Gurbi ɗaya ne, kuma na ɗalibata Yaretzi ne. Wai har kuna haɗa ta da Kendra, haihuwar Kanada, wadda ba ta tuna kakarta 'yar Meziko ce ba sai da can suka ƙi ɗaukarta. Na ga wasanta. Tsalle kam tana yi, amma ta sauko dim kamar buhun masara. Yaretzi kuwa tun tana 'yar mitsitsiya take hannuna, in ta juya ko kiɗan jiranta yake. Ranar gwaji ki sa tabaranki.

Ki huta lafiya,
Yayarki Herminia

Birnin Meziko

Yaya Herminia,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na sa tabarau, na kuma ga abin kunya.

Tsallen Kendra ya fi tsayi, ba ta da laushin jiki ko kaɗan. Ban da tsallen, Yaretzi ta fi ta komai, ban musa ba. Sai dai duk lokacin da ta zo tsakiyar fili sai ta karkace, ta kewaye wurin da babu komai. Alƙalai suka yi ta kallon juna. Ni kaɗai na gane: ginshiƙin nan ne da ke tsakiyar ɗan filinku na cikin kasuwa, tsakanin shagon takalma da mai sayar da abincin tako. Kin horar da yarinya ta kauce wa ginshiƙi har a inda babu shi, kina kiran kanki malama.

Mun yanke cewa gurbin nata ne, da sharaɗin ta bar hannunki ta koma babban filin Monterrey. Ni na kawo sharaɗin. Ta ce ba za ta bar ki ba. In ba ta sauya magana ba kafin ƙarshen mako, Kendra ce za ta tafi gasar.

Taki,
Obdulia

León

Obdulia,

Ina gaisuwa, tun da haka aka koya mana a gida.

Ke ce yau mai auna gwanaye? Ke da kika fi sanin ƙanƙara da mazaunai fiye da ƙafa, har Mama ta ɗinka miki matashi a wando? A filin da kike raina ɗin na fitar da wadda ta fi 'yar Kanadarku. Ku bar ni in zo Monterrey tare da ita.

Herminia

Birnin Meziko

Yaya,

Ina amsawa. A'a. In kina bakin fili, ke take kallo, ba gabanta ba. Har a gwaji sai da ta waiwayo neman fuskarki kafin kowane tsalle. Jibi za mu aika da suna.

Allah ya ba ki lafiya,
Obdulia

León

Obdulia,

Gaisuwa. Ki rubuta sunan Yaretzi, gobe za ta hau mota zuwa Monterrey.

Ta zo tana kuka, wai ko gasar duniya ce ba ta so in babu ni. Na ce mata na gaji da ita, Kendra ta fi ta nesa ba kusa ba, ta je wani ya sha wahalarta. Ta yarda, ta fita ko sallama ba ta yi min ba.

Na tsane ki, kuma kina da gaskiya. Kada ki gaya mata ƙarya na yi.

Sai wata rana,
Herminia