Tsuntsayenka Suna Ƙasan Tafki

Zuwa ga Muhaimin, sanyin idona, zumar bakina, ruwan farko a kan kwanon ɗakinmu, inuwar da nake fakewa idan ranar Kumasi ta ƙwalle! Ina gaishe ka gaisuwar wadda ba ta da kowa sai kai. Ya babur? Ina fata makanikan Suame sun gyara maka shi da kyau.

Ka tuna safiyarmu ta farko a bakin tafkin bayan Atonsu? Na kawo maka koko da ƙosai, suka huce a hannuna, don ko tari ka hana ni. Baƙaƙen tsuntsayen nan suka fito daga ruwa, suka hau busasshen reshe, suka baje fukafukai suna shanyawa kamar wankin gidan suna. Ka sa na cire awarwarona ɗaya bayan ɗaya na ƙulle a bakin mayafi, wai ƙararsu za ta kore su. Ka raɗa mini cewa hoto ba ya kyau sai tsuntsu ya jiƙe, ya yi nauyi, ya saki jiki. Wayyo ni Latifatu! Ashe labarina kake ba ni, ina ta murmushi.

Shekara uku ina ɗaukar maka jaka. Shekara uku sauro na cin ƙafata ban kai masa mari ba. Wace mace ce a Zongo ta taɓa yin shiru haka saboda namiji?

Ranar Litinin ka kawo katin kyamararka shagonmu na wankin hoto, ka ce in zaɓi arba'in mafi kyau in wanke manya, don baje kolin da za ka yi a Accra. Kai da ba ka taɓa ajiye kwafi ba, kullum cewa kake ni ce ma'ajiyarka. Na zauna ina dubawa da zuciya ɗaya, tsuntsu bayan tsuntsu, sai ga Barkisu, 'yar mai waken layinmu. Tana tsaye a kan dutsen da nake zama, ta buɗe hannuwa, iska ta baje mata mayafi, awarwaronta a ƙulle a bakinsa. Har ƙullin ka koya mata! Kwanan watan da ke jikin hoton kuwa, ranar da ka ce babur ya mace maka a Suame ne. Hotonta sittin da biyu. Na nemi nawa, na sami huɗu, biyu ma ƙeyata ce.

Na yi kuka, hasken raina, ba zan ɓoye maka ba. Na yi har maigidan shagon ya ce in tafi gida. Amma aikinka ban bar shi ba. Arba'in ka ce, arba'in na wanke, a takarda mai sheƙi, duk na Barkisu. Ga su nan tare da wasiƙar nan, ka rataye wa mutanen Accra su sha kallo. Abin da ke kwamfutar shago na share shi tas. Katin kuma, jiya da hantsi na hau motar haya ta tiro-tiro na mayar da tsuntsayenka gidansu. Ko ƙara bai yi ba da ya faɗa ruwa.

Don Allah kada ka karaya, masoyina. Ba kai ne kake cewa haƙuri ne sana'arka ba? Tafkin yana nan, reshen yana nan, ka sake farawa. Na yi maka alkawari ba za ka fara kai kaɗai ba. Duk safiyar Allah za ka iske ni a kan dutsena, da awarwarona goma sha biyu a hannu. Zan jira su jiƙe, su hau reshe, su baje fukafukai, ka durƙusa ka ɗauke numfashi. Sannan in ɗaga hannu biyu in gaishe ka.

Taka da ba za ta taɓa barinka ba, ko safiya ɗaya,
Latifatu