Sunan da Aka Soke

Ɗana Kajetan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Graz bai matsa maka ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san sai da na yi furfura na koya.

Wasiƙarka ta iso. A bayanta na ga ka rubuta cewa an mayar maka da zobe, gobe za ka hau doki ka shiga kogi. Doki kam ba ka da shi. Amma kogin Mur da ya ratsa ƙauyenmu shi ne ya ratsa Graz, na kuwa san sanyinsa. Ban kai wa kowa ya karanta mini ba, don kada gari ya ɗauka. Ranar Asabar zan hau jirgin ƙasa. Kada ka yi komai sai na zo.

Mahaifiyarka,
Notburga

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Kin sa na yi dariya har mai gidan hayarmu ta leƙo. Waƙa ce, Mama. Labarin wani barde ne na zamanin da. Malaminmu ya ba ni ita in rera da piyano a bikin makaranta ranar Lahadi. Takarda ce ta ƙare mini, sai na yi miki wasiƙa a bayan wadda nake hadda da ita. Barden ne ke magana, ba ni ba. Ki yi zamanki. In kin taho, wa zai tatsi shanu, Fada na coci?

Ɗanki mai biyayya,
Kajetan

Ɗana,

Ina gaishe ka. Shanu na bar wa maƙwabciyata Resi, ka bar Fada ya ji da cocinsa.

Na yarda waƙa ce. Amma na koma kanta da yatsa, harafi bayan harafi, don ni ban iya tsallake ba. Sunan matar da barden ke so Hildegund. A wuri biyu ka fara rubuta Ottilie, ka soke, sannan ka ɗora Hildegund a kai. Wasiƙa uku ke nan kuma ba ka ce Ottilie tana gaishe ni ba, ita da ba ta taɓa fashi ba tun da ka sa mata zobena.

Ka yi dariyarka. Na riga na toya burodi, na ɗaure kayana. Ina nan tafe.

Mahaifiyarka,
Notburga

Mama,

Jirgin yana isowa ƙarfe huɗu, zan tsaya miki a tasha. Zobenki yana aljihuna, mako uku ke nan. Kullum in na taso daga makaranta ta kan gada nake bi, nakan kuma daɗe a tsaye.

Na kama miki kujera a layin gaba a wurin bikin. Ki zauna inda zan gan ki. In kina wurin, barden kaɗai zai shiga kogin.

Ɗanki,
Kajetan